Malik Badri da Aikin Sauraron Masu Damuwa



Da yawanmu idan aka ce wane yana fama da ciwon damuwa, sai mu ce raunin imani ne ko shafar aljanu, a yi masa ruƙiyya a sallame shi. A ganina hakan bai wadatar ba.

Ku dubi Farfesa Malik Badri, mutumin Sudan (1932-2021), Allah Ya jiƙansa. Ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam a Beirut da Ingila, ya shafe shekaru yana sauraron masu damuwa. Ya ƙi aminta da ra'ayin Freud, wanda ya ɗauki addini ruɗu ne, amma bai yi watsi da fannin ba. A 1979 ya fitar da littafi yana jan kunnen Musulmi masu kwaikwayon Turawa ido rufe. A 2013 ya fassara aikin Abu Zaid al-Balkhi, wanda fiye da shekara 1,000 da suka wuce ya bambanta baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke rufto wa mutum haka siddan, ya ce na biyun yana buƙatar maganin jiki.

Ya kai mai zaɓen fannin karatu, kowa likita ko injiniya yake so ya zama. To, matar da aka saka da yaron da ƙwaya ta kama, wa zai koyi zama da su?