Kada a yi gaggawar yanke wa sabon kwatabak hukunci

Ƙwallon Amurka ba irin wanda yaranmu ke bugawa ba ne. Can da hannu ake jefa ƙwallo mai siffar ƙwai, kuma nauyin wasan ya rataya ne a wuyan mutum guda da suke kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo, ya dubi fili, ya zaɓi wanda zai jefa wa cikin daƙiƙa biyu ko uku, alhali ƙattai na rugowa su kayar da shi. A gabansa akwai mutum biyar da aikinsu shi ne tare masa ƙattan nan.

A gasar NFL mai ƙungiyoyi 32, kowace shekara ana rabon matasan da suka fito daga jami'o'i, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓe. Ke nan yaron da ya fi hazaƙa shi ake kai wa gidan da ya fi lalacewa. Malamin kwantaragi da aka fara tura wa aji cike maƙil, babu littafi babu tebur, ya san irin wannan rabo.

Mu ɗauki Bryce Young. A 2021 ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, yana Alabama. A 2023 ƙungiyar Carolina ta sayi matsayin farko daga Chicago don ta ɗauke shi, kuma cikin abin da ta biya har da DJ Moore, gwaninta wajen cafe ƙwallo. Wato sun sayo mai jifa, sun sallami mai cafewa. Kafin kakar ta ƙare, bayan wasa 11 kacal, suka kori kocinsa Frank Reich. Sau 62 aka kayar da Young kafin ya jefa ƙwallo, ƙungiyar kuma ta ci wasa 2 ta faɗi 15. Abin da ya ƙara wa wutar mai, C.J. Stroud da Houston ta ɗauka a matsayi na biyu ya haskaka a wannan shekarar. Nan take aka ce Young ya cika gajarta, an yi asarar kuɗi.

A ganina wannan hukunci ne na wanda ya dubi maki bai dubi takardar jarrabawa ba. Peyton Manning a shekararsa ta farko, 1998, sau 28 ya jefa ƙwallo a hannun abokan hamayya, Indianapolis ta ci 3 ta faɗi 13. Sai dai 11 daga cikin 28 ɗin a wasa huɗu na farko ya yi su, daga nan kuskuren ya riƙa raguwa. Aka bar masa kocinsa da tsarin da ya fara koya, shekara ta zagayo suka ci 13 suka faɗi 3. Troy Aikman ma ya fara wa Dallas wasa 11 a 1989 bai ci ko ɗaya ba, daga baya ya ɗauki kofin Super Bowl har sau uku.

Ba ina cewa haƙuri kaɗai ke gyara kowa ba. Ryan Leaf, wanda San Diego ta ɗauka nan da nan bayan Manning, ya jefa biyu da suka ci maki, 15 suka faɗa hannun abokan hamayya. Abin da ya bambanta shi da Manning shi ne bai ɗauki gyara ba, ya koma faɗa da ƴan jarida da abokan wasa, kuma bayan 2001 bai sake buga wasa a gasar ba. Don haka mai son ya auna sabon kwatabak ya tambayi kansa ko kuskuren watan Satumba shi ne har yanzu ake maimaitawa a Disamba, da kuma yadda yaron ke yi idan an nuna masa inda ya kauce.

Akwai kuma laifin da ba na yaro ba ne sam. David Carr ya fara a 2002 da Houston, lokacin sabuwar ƙungiya ce, aka kayar da shi sau 76 a kaka guda, adadin da har yau ba a wuce ba. Wanda ake dannewa haka yakan daina duban fili ya koma duban masu zuwa kansa, kuma Carr bai taɓa kai inda aka yi masa zato ba. Shugabannin da suka tura shi fili babu kariya su ya kamata a fara tuhuma.

Shi kuwa Young, a 2024 sabon koci Dave Canales ya ajiye shi a benci bayan wasa biyu, abin da mutane da yawa suka ɗauka ƙarshensa ke nan. Amma ƙungiyar ta riga ta kawo Robert Hunt da Damien Lewis cikin mutum biyar masu kare shi. Da ya dawo a Oktoba ya fara samun lokacin duban fili, kuma a wasa uku na ƙarshe bai ba abokan hamayya ƙwallo ko sau ɗaya ba. Na ƙarshen cikinsu a Atlanta aka yi shi, Carolina ta ci 44 da 38.