Masu zanenmu, ku daina kwafar hoto kawai, ku ba mu labari 🧵

1/ Jama'a, ina da magana kan masu zanenmu na Arewa. Hannu akwai, baiwa akwai, amma kusan kowa fuskar gwamna ko jarumar Kannywood yake kwafa daga hoto. Ni a ganina an taƙaita baiwar nan. Bari in kawo misali.

2/ Toyin Ojih Odutola 'yar Najeriya ce. An haife ta a Ile-Ife a 1985, ta tashi a Amurka. A 2020 ta baje kolin zane 40 a cibiyar Barbican da ke Landan. Kayan aikinta: allin zane mai laushi da ake kira fastel, da gawayi, da farin alli, a kan baƙin fage.

3/ An jera zanen a jikin doguwar katanga mai lanƙwasa, ɗaya na bin ɗaya. Kana tafiya labarin na buɗewa, kamar tatsuniya ake maka, sai dai da ido kake ji.

4/ Kun san inda ta dasa labarin? Duwatsun Filato, nan kusa da mu. Ta ƙirƙiri wata tsohuwar al'umma inda mata mayaƙa ke mulki, maza kuma ke yi musu bauta a gona da wurin haƙar ma'adinai. Har ta nuna kamar masu tono ne suka gano zanen a jikin dutse.

5/ Wani zai ce ai ƙarya ta shirya. To, Gizo da Ƙoƙi gaskiya ne? Ta juya mulkin ne don mai kallo ya tambayi kansa: wa ya rubuta tarihin da muke karantawa, wa aka bari a waje?

6/ Kuma ba a iska ta gina shi ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono gunkin yumbu a Nok, kudancin Kaduna. Daga nan duniya ta fara sanin mutanen da suka yi wannan aiki fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

7/ A gida ma an taɓa yi. A 1958 ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane a Zariya, cikinsu har da Bruce Onobrakpeya. Ya yi suna da zanen bugu: a sassaƙa hoto a jikin faranti, a shafa tawada, a danna a takarda. Tatsuniyoyin Urhobo ya riƙa zubawa a ciki.

8/ Na san uzurin: hoton babban mutum shi ke kawo kuɗi, kayan zane kuma sun yi tsada. Gaskiya ne, ban ce a daina neman abinci ba. Amma abin da wayarka za ta ɗauka cikin daƙiƙa ɗaya, don me za ka ƙare rayuwarka kana gasa da ita?

9/ Labari kuwa ga shi birjik. Rijiyar Kusugu, Sarauniya Amina, marinar Ƙofar Mata, 'yar talla a bakin tasha, iyalin da suka bar ƙauye saboda 'yan bindiga. Zane 10 a jere kan ɗaya daga ciki ya isa baje koli.

10/ Mu 'yan kallo ma da laifinmu. Yabonmu bai wuce "kai, kamar hoto!" ba. In mai zane ya saka aikinsa, ku tambaye shi me ke faruwa a ciki. Wa kuka sani da ke zanen labari? Ku ambato shi a ƙasa, mu ga aikinsa.