Baƙon da ke zuwa da tabarmarsa

Makalar wannan makon ta ɗan kauce daga zancen jigo da salo, amma ta shafi duk mai shafin da yake zuba rubutunsa a intanet.

Kwanakin baya na ƙara wa shafina na WordPress wata 'yar manhaja, irin wadda ake kira filogin, don masu karatu su riƙa barin imel ɗinsu ana sanar da su idan sabon babi ya fito. A saman akwatin na rubuta: "Ƙaraso ka karɓi sabon babi." Da na duba a waya sai na ga Ƙ da ɓ sun fita daban, kamar an yanko su daga wata jarida an liƙa. A tsohuwar wayar ƙanwata kuwa, wasu 'yan akwatuna ne suka tsaya a gurbinsu. Sauran shafin lafiya lau. Ashe filogin ɗin da nasa salon haruffa ya zo, wanda bai san haruffanmu masu ƙugiya ba, maimakon ya ari wanda na zaɓa wa shafin.

Wannan tsohuwar muhawara ce a tsakanin masu ƙera manhaja. Akwai uwar manhaja, ita ce mai masauki. Akwai kuma ƙananan manhajoji da wasu mutane daban suka rubuta, waɗanda take ɗaukowa ta haɗa da kanta a lokacin da take aiki. To maɓallan da ake dannawa, da akwatin rubutu, da jerin zaɓi, da launi, da haruffa, wa ya kamata ya kawo su? Baƙon, ko mai gida?

Ni dai a ganina mai gida ne. Hidimar harshe aiki ne mai wuya, kuma sau ɗaya ya kamata a yi shi. Idan uwar manhaja ta iya nuna ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, ta kuma iya juya rubutu daga dama zuwa hagu saboda mai ajami, duk filogin da ya ari kayanta ya samu wannan a ɓagas. Wanda ya zo da nasa kuwa, sai mai shi ya tuna da Hausa, kuma da wuya ya tuna. Ga kuma nauyi: idan filogin biyar kowanne ya zo da kayansa, mai karatu ne zai sauke su duka da datarsa kafin ya ga layin farko na labarinka.

Manyan masu sana'ar sun gane haka. Lokacin da WordPress ta fitar da sabon editanta, Gutenberg, a Disambar 2018, ta gina shi a kan React, sannan ta buɗe maɓallansa da akwatunansa don masu filogin su ara. Akwai dalili: idan kwafi biyu na React suka haɗu a shafi ɗaya, kayan da aka ƙera da ɗaya kan ƙi aiki a hannun ɗayan. Webpack 5 ma, wanda ya fito a Oktobar 2020, ya zo da tsarin Module Federation, inda za a iya cewa kwafi ɗaya tak za a ɗauko kowa ya yi amfani da shi.

Masu zuwa da tabarmarsu ma suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce: kayan aro ba ya ado. Ranar da mai gida ya sauya kaya, mai aro ne ke kwana a ƙasa. A Agustan 2020 WordPress 5.5 ta daina ɗora jQuery Migrate, wani guntu da tsofaffin filogin da yawa suka dogara da shi, shafuka da dama suka rikice. Firefox kuwa ta daɗe tana barin baƙinta su taɓa duk inda suka ga dama a jikinta, har gyara ya zama mata wahala. A Nuwambar 2017, da fitowar Firefox 57, ta rufe wannan ƙofar, tsofaffin baƙin suka daina aiki.

Abin da na fahimta daga nan shi ne aro yana buƙatar yarjejeniya. Mai gida ya faɗi ƙarara abin da ya yarda a ara, ya kuma ba da isasshen lokaci kafin ya sauya shi. Baƙo ya tsaya a iya abin da aka ba shi, kada ya leƙa ɗakin da ba a nuna masa ba.

Mu da ba ma ƙera manhaja, zaɓi yana hannunmu. Kafin ki amince da filogin, ki rubuta "ƙauna, ɗiya, ɓarna" a cikinsa, ki duba a waya biyu. Kai ma ka duba ranar da aka sabunta shi na ƙarshe. Ni na cire nawa na sa wani da ke bin haruffan shafin, ƙanwata ta karanta saƙon yadda na rubuta shi.

Wane ne a cikinku ya taɓa cin karo da irin wannan?