Wa Zai Rubuta Tarihin Talakan Tambuwal da Kebbe?

Tambayi ɗan sakandare a Tambuwal asalin gidan sarautar garin, zai ambata maka Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu. Mai ɗan zurfin karatu zai ƙara da cewa daga wannan zuriya Ibrahim Dasuki ya fito, haifaffen Dogondaji, Sarkin Musulmi daga 1988 zuwa 1996. Madalla. To, tambaye shi su wa suka gina rijiyoyin garin, ko me mutanen Kebbe da Kuchi suka ci suka rayu a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Nan zai yi shiru, don littattafan da ke hannunsa ba su faɗa masa ba.

Ba raina aikin magabata nake yi ba. Waziri Junaidu ya bar mana Tarihin Fulani, kuma a kan takardun gidansa Murray Last ya dogara wajen rubuta littafinsa na Daular Sakkwato a 1967. Sai dai tarihi ne na sarakuna da malamai da mayaƙa. Majemi da marini da masunci da mai koda a tsakar gida, sai ka yi ta buɗe shafi ba ka ji muryarsu ba.

Amurkawa ma sun daɗe a haka. Tarihinsu na shugabanni ne da janar-janar, har wasu masana suka juya akalar. Wanda ya fi burge ni shi ne Lawrence Levine, wanda a 1977 ya fitar da littafi a kan tunanin baƙaƙen fatar Amurka tun daga zamanin bauta. Mutanen da doka ta hana wa koyon karatu ba su bar wasiƙu da yawa ba, sai ya bi waƙoƙinsu na aiki da na ibada, da tatsuniyoyinsu, har da barkwancinsu, ya nuna yadda suka kalli iyayengijinsu da kansu. Abin da ya sauƙaƙa irin wannan aiki kuwa, tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin ƙasar ta ɗauki marubuta marasa aikin yi, suka bi tsofaffin da aka haifa cikin bauta, suka rubuta bayanin mutum sama da 2,300. Da an yi jinkirin shekara ashirin, da yawancinsu sun kwanta dama.

Mu ma mun taɓa ganin amfanin haka. Baba ta Karo tsohuwa ce a ƙasar Zazzau, ba mai sarauta ba. Mary Smith ta zauna da ita a 1949 da 1950, littafin labarin rayuwarta ya fito a 1954, Baba ta riga ta rasu. Har yau duk mai son sanin aure da kishi da rinji da harin bayi ta bakin mace, wurinta yake komawa.

Wata gwaggona a wani ƙauye kusa da Jabo ba ta san shekarar haihuwarta ba, amma tana lissafin duniya da fari da fara da ambaliya. Tana surfen gero na tambaye ta labarin farin 1973. Ta jingine taɓarya ta ce, "Ɗan nan, mi za ka yi da shi?" Sannan ta lissafo ganyayen da suka dafa, da gidan da ya ranta musu dawa ba tare da gori ba, da waƙar da mata suka yi wa mazan da suka tafi cin rani ba su waiwayo ba. Wannan ai tarihi ne, kuma babu shi a kundin kowane hakimi.

Za a ce tsofaffi na mantuwa, suna ƙarin gishiri. Gaskiya ne, shi ya sa ake jin bakin mutum goma a gwama. Takardun Turawan mulki ma ai da son zuciyarsu. Matsalar da ta fi wannan nauyi ita ce kunya: akwai gidajen da ba sa son a tono cewa kakansu bawa ne. Dole a mutunta wannan, a sakaya sunan wanda ya nemi a sakaya. Wanda ke yin tambayar ma abin lura ne: a Amurka yawancin masu tambayar farare ne, tsofaffin suka riƙa tauna magana. Don haka ɗan gari ya kamata ya yi tambayar, mai jin Sakkwatanci da Fulatanci, kuma mace ce za ta shiga wurin mata.

Lokaci ba ya jiranmu. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a yankin Kebbe, tsohon da ya bar garinsu ya koma raɓe a gidan dangi ba ya daɗewa da labarinsa. Ina kira ga Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu su haɗa hannu da ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe. A horar da ɗalibai 'yan yankin, a ba kowa wayar ɗaukar murya da kuɗin mota lokacin hutu, a fara da waɗanda suka haura shekara tamanin. A rubuta abin da suka faɗa da Hausar da suka faɗe shi, a ajiye kwafi a Sakkwato, a mayar da wani makarantun Tambuwal da Kebbe.