Ranar pizza ko ranar Gadar Kennedy?

Wani tsohon ɗalibina da ke jami'a a Yamai ya tsiri wata al'ada. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo mini a WhatsApp: "Mushe, yau ranar kyanwa ce ta duniya." Wata rana ta emoji, wata rana ranar haihuwar wani mawaƙin Turai. Na daɗe ina murmushi, don son sani ba laifi ba ne.

Ranar 9 ga Fabrairu murmushin ya ƙare. Ya aiko mini hoton pizza, wai yau ranarta ce a Amurka. Na tambaye shi abin da ya faru a irin wannan rana a 1990. Ya ce ya san ƙungiyar ɗalibai kan yi taro, amma bai san dalili ba.

A ranar ce jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta a Gadar Kennedy, zamanin Ali Saibou, uku suka rasu. Jininsu na cikin abin da ya kai mu ga taron ƙasa na 1991. Gadar nan yaron ke bi in zai shiga gari!

Za a ce ai wasa ne. To, amma yawancin ranakun nan ƴan kasuwa suka ƙirƙiro don ciniki, kuma sanin kwanan wata ba tare da dalilinsa ba haddar aku ce.

Mu malamai muka fara ɓata su, muna sa su haddar shekaru don cin jarrabawa. Gobe a ajina da wannan gada zan buɗe darasi.