Hoton fuskar waya na kyauta: wa ke biyan kuɗinsa?

Duk lokacin hawan Sallah ko Sallar Gani a Daura, fuskokin wayoyin matasa kan canja. Wannan ya ɗora hoton dawakai da mahaya, wancan na ƙofar fada, wani kuma na Ka'aba mai walƙiya ko tambarin Arsenal yana juyawa. Hoton da ke tsaye bai cika ba da matsala ba. Matsalar tana cikin mai motsi, wanda sai an saka wata manhaja kafin ya yi aiki. Bayan 'yan kwanaki sai talla ta fara faɗowa ana tsakiyar hira a WhatsApp, waya ta riƙa zafi a aljihu, datar da aka saya ta wata guda ta ƙare cikin sati biyu. Mai wayar sai ya zagi kamfanin layi, alhali ɓarawon yana cikin ɗaki.

Irin wannan manhaja ita ce masana ke kira adware, wato manhajar cusa talla. Wanda ya rubuta ta ba don Allah ya yi ba. Ana biyansa ne a kan kowace talla da ta buɗe da kowace dannawa, don haka hoton ƙugiya ce kawai. Abin ya daɗe. Tun zamanin kwamfutar tebur, fayil ɗin hoton kare allo na Windows, mai ƙarewa da .scr, cikakkiyar manhaja ce da ke iya yin duk abin da .exe ke yi, kuma ta nan aka daɗe ana cusa wa mutane talla da ƙwayoyin cuta. Dabarar ce ta yi ƙaura zuwa Android.

Wasu za su ce ai talla ce kawai, a danna alamar rufewa a wuce. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. A shekarar 2023 kamfanin McAfee ya gano manhajoji 43 a Google Play, waɗanda aka sauke kusan sau miliyan 2.5, suna loda talla a lokacin da allon waya ke kashe. Mai waya yana barci, datarsa da batirinsa suna aiki wa wani. Akwai kuma Joker, wadda ta sha ɓuya cikin manhajojin hotunan fuskar waya da na kyamara. Ita aikinta shi ne yi wa mutum rajistar wani tsari na kuɗi ba da saninsa ba, ta karanta saƙon tabbatarwa da kanta, daga nan kati ya fara zurarewa. A farkon 2020 Google ya bayyana cewa ya cire manhajoji sama da 1,700 na wannan dangi daga shagonsa. A 2022 ma sashen tsaron intanet na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ya gargaɗi 'yan Nijeriya a kan HiddenAds, wadda ke canja sunanta da tambarinta bayan an saka ta don kada a gane ta.

Idan har irin waɗannan sun iya kutsawa shagon Google da ke da masu tantancewa, to ina ga waɗanda ba su bi ta can ba? A nan ne matsalar ta fi shafar Daura, Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu. Matashi da yawa ba daga Play Store yake samun manhaja ba. Daga wayar aboki yake karɓa ta Xender, ko a shagon masu caji da tura waƙoƙi da fina-finai, don tsimin data. Uzurin gaskiya ne, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Sai dai tsimin na jeka-na-yi-ka ne. Fayil ɗin da ya bi ta waya goma babu wanda ya san inda ya samo asali. A 2019 kamfanin Check Point ya ba da rahoton Agent Smith, wadda ta kama wayoyi kusan miliyan 25, akasari a Indiya. Ta yaɗu ne ta shagon 9Apps, tana maye gurbin manhajoji irin su WhatsApp da na jabu masu talla. An ceci megabait ashirin, an buɗe ƙofar asarar gigabait.

Kuma wayoyin da suka fi yawa a hannun ɗalibai da 'yan kasuwa ƙananan Itel da Tecno ne masu ƙaramin ƙwaƙwalwa, waɗanda manhaja ɗaya mai aiki a ɓoye ta isa ta sa su riƙa maƙalewa. Ga wanda ke biyan kuɗin caji saboda rashin wuta, batirin da ya mutu da azahar kuɗi ne. Mafi muni, a wayar nan ce OPay ko Moniepoint take, a nan saƙon banki ke shigowa. Manhajar da aka ba izinin karanta saƙonni tana ganin lambar sirrin da banki ya turo kamar yadda mai wayar ke gani.

Ma'aunin gane ta ba ya buƙatar digiri. Hoto ba shi da abin yi da saƙonni, lambobin mutane, makirfo ko wurin da mutum yake. Duk manhajar hoto da ta nemi waɗannan, ko ta nemi izinin bayyana a saman sauran manhajoji, ko shiga sashen Accessibility, ta riga ta faɗi nufinta. Haka wadda tambarinta ya ɓace bayan an saka ta.

Wanda ya riga ya faɗa, ya shiga Settings ya duba jerin manhajoji gaba ɗaya, ya nemo wadda ba ta da suna ko tambari, ko wadda ta fi cin data da batir ba dalili. Idan ta ƙi goguwa, ya cire mata izinin Device admin ko ya kunna wayar a Safe Mode ya goge ta daga can. Ya kunna Play Protect ya bar shi a kunne. Idan kati na raguwa, *305# na taimakawa wajen dakatar da tsare-tsaren da aka yi wa layi rajista, tura STOP zuwa 2442 na tsayar da saƙonnin talla, kuma 622 ce lambar kai ƙara ga NCC idan kamfanin layi ya ƙi saurara.

Amma nauyin ba na mai waya kaɗai ba ne. Mai shagon turi da ke loda wa kwastoma manhajar da shi kansa bai gwada ba ya ci amanar wanda ya miƙa masa waya. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura su ne ake kawo wa waya a gida idan ta rikice. Ya kamata su riƙa bayyana dalili, ba gogewa kawai ba, don kada a sake saukewa gobe.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a daina neman manhaja don hoto. Kowace Android na ba da damar ɗora hoton da ke cikin waya kai tsaye. Wanda ya tsaya a bakin rijiyar Kusugu ko a gefen hanya ranar hawa ya ɗauka da kyamararsa, ya samu hoton da babu irinsa a wayar kowa, kuma babu wanda zai riƙa cin datarsa da dare a kansa.