A sa tiyon waya tun kafin a yi yaɓe

Daga Dogon Dutsi zuwa Kore Mairuwa da Tibiri, gine-ginen siminti sai ƙaruwa suke: ofisoshin aika kuɗi, shagunan magani, ɗakunan buga takardu. Kowanne na buƙatar intanet, amma wuya ka ga mai gini ya tanadi hanyar wayarta a tsarin gininsa. Sai an gama fenti a kira mai gyaran wuta ya huda bango, ya ja waya ta kan taga, ya haɗa ta da ta lantarki a rami ɗaya. In aiki ya tsaya, sai a ce rezo ne ba kyau.

Rezo na da nasa laifin, ba musu. Amma sau da yawa cutar tana cikin ginin ne.

Aikin yana da ƙa'ida a rubuce. Amurka ta fitar da tsarin TIA-568 a 1991, sannan na duniya, ISO/IEC 11801, ya biyo baya a 1995. Abin da suke nema ba shi da wuya: kowace waya ta taso daga akwati guda na tsakiya zuwa mazauninta a bango, kada ta wuce mita 90, a bar mita 10 don gajerun wayoyin haɗi. A sa wa kowace lamba, a nisanta ta da wayar wuta, a gwada ta da na'ura kafin a karɓi aiki.

Wurin da ya fi shafar waɗannan garuruwa shi ne zafi. Mita 90 ɗin nan an auna ta ne a kan ma'aunin digiri 20. In zafi ya kai 40, ƙa'idar ta rage tsawon wayar da ba ta da rigar kariya zuwa kusan mita 84, a digiri 60 kuma zuwa 75. Duk wanda ya san watan Afirilu a Dutsi ya san 40 a inuwa ake samunta, balle tsakanin kwano da silin inda aka saba jefa waya. Ga kuma jabun waya, alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Tana da araha, kwalinta ma an rubuta Cat 6, amma ƙa'idar ba ta yarda da ita ba: tana saurin karyewa, tana kuma ɗaukar zafi in an ce ta kai wa kyamarar tsaro wuta. Tsakanin gini da gini kuwa, wayar gilashi ta fi dacewa, don tsawar damina ba ta bin ta.

Wani zai ce zamanin waya ya wuce, tunda Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025. To amma farantin da ke kan rufi da waya yake shigowa ɗaki, kuma Wi-Fi na raunana in ya ratsa bangon bulo biyu ko uku. Kowace na'urar watsa shi tana son waya mai kyau a bayanta.

Tiyon roba da ake binnewa kafin yaɓe kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da fasa bango daga baya. Ya kamata ma'aikatun magajin gari na Dutsi da Tibiri su fara da nasu gine-ginen: duk kwangilar da za su bayar, a rubuta nau'in waya a ciki, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai an kawo taswirar wayoyi da takardar gwaji.